Kwalbar Gimbiya a Firjin Mai Shago

"Ba ni kwalbar," in ji Mai Shago.

Maman Gimbiya ta ƙara ƙanƙame ta a ƙirji. Wannan fa shi ne mutumin da ta mayar wa da turarensa har sau biyu, ta ce tun rasuwar mijinta ba ta da abin kallo sai ɗiyarta da keken ɗinkinta. Yau ga ta a ƙofar shagonsa, ido ya yi luhu-luhu.

Kwanansu uku a asibiti. Ciwon huhu ne ya kama Gimbiya, 'yar shekara biyu, numfashi sama-sama, haƙarƙari na lotsawa. Bayan allurai likita ya sallame su da maganin kashe ƙwayoyin cuta na ruwa: sau uku a rana, kwana bakwai cur, kuma a ajiye a firji. To ina firjin? Duk layin, na Mai Shago ne kaɗai ke da sanyi.

Ta miƙa masa ba tare da ta kalle shi ba.

Ya kwashe lemukansa, ya ware wa kwalbar sashen sama na cikin firjin ita kaɗai. Safe, rana, yamma, sai ga shi da ita naɗe a tawul. Gimbiya kuwa ta kafe, ba ta buɗe baki sai ya yi mata kukan akuya. Ƙato guda da gemunsa, durƙushe a bakin ƙofa yana "meee"! Uwar takan juya baya ta yi dariyarta, wai ita a dole ba ya burge ta.

Rana ta huɗu zazzaɓi ya sauka, yarinya ta fara ɓarna. Nan Goggo, yayar mahaifin Gimbiya, ta tayar da balli. Ashe 'yar mai gidan haya, wadda ta daɗe da ƙyalla ido a kan Mai Shago, ta cika mata kunne. Goggo ta ce yarinya ta warke, maganin ya isa haka, ba za a mai da su abin nuni a layi ba. Ta danna sakata.

Kunya ta rufe Maman Gimbiya, har ta kusa yarda.

Da yamma aka ƙwanƙwasa, Mai Shago ne.

"Goggo, ki kore ni, na yarda. Amma ki karɓi kwalbar. In aka tsaya a rabi ciwon na iya dawowa, kuma ya fi na farko. Zan ajiye a ƙofa in juya baya..."

Da hannunta Maman Gimbiya ta zare sakatar. A lokacin ta san tana son sa, so ba na wasa ba.

Rana ta bakwai aka shanye cokalin ƙarshe, ƙirjin Gimbiya wasai.

"To, kin huta da ni," ya ce.

Maman Gimbiya ta bi shi da kallo har ya wuce.

Washegari Gimbiya ta tsaya a ƙofa tana ta kukan akuya, babu mai amsawa. Uwar kuma allura ta soke ta sau uku. Goggo ta dube su ta ja tsaki.

"Je ki ce ya turo manyansa. Ni ba zan iya da ku biyu ba."

Ta same shi yana goge firji. Bai mayar da lemukan ba, kwalbar na nan a sama, babu ko ɗigo a ciki.

"Masoyi," ta ce a hankali, "turaren nan... yana nan?"

Ya buɗe durowa. Ko ledar bai cire ba.