Launin Dada

Tsohuwar ta mutu da maganinta a gefen gado. 'Yarta ce ta kawo rahoto ofishin 'yan sanda, riƙe da kwalin maganin hawan jini da sakamakon gwaji daga asibiti: ƙwayoyin alli ne zalla, an matse shi an yi masa siffar magani. Tsohuwar ba ta taɓa tsallake shan su ba, halin da likitoci ke yaba wa marasa lafiya a kai.

Kafin yamma an kamo Mai Kemis ɗin unguwar. Manya sun so a kai ta kotu da tuhumar kisa, domin fayil rufaffe ya fi kyau a kan tebur. Sufeto bai gamsu ba. A jakar Mai Kemis an samu irin kwalin, an sha rabinsa, na mijinta ne.

"Daga ina kika sayo?" ya tambaye ta.

"Daga kamfani, Yallaɓai."

"Kamfanin ya ce bai san ki ba. Hajiya, ƙaryar nan ba ta kare ki, wani take karewa, kuma shi yana gidansa yana shan iska."

Ta daɗe tana murza bakin gyalenta. "Wani mai babur ne ke kawowa. Ya fi araha. Ban san sunansa ba. Wallahi da na sani, zan ba uban 'ya'yana?"

A bayan shagonta Saje ya zaƙulo babban kwalin da aka kawo maganin a ciki. An cusa takardu a gefe don kada kwalayen su motsa. Sufeto ya warware ɗaya. Katin gayyatar aure ne da ya lalace wajen bugu, a ƙasansa da sunan maɗaba'ar da ta buga, har da alƙawarin aiki mai inganci.

Maɗaba'ar ɗaki biyu ce. Na ciki injina da warin tawada, na waje kwamfuta ɗaya da masu zane uku ke karɓa-karɓa a kai. Sufeto ya zo da wakiliyar kamfanin maganin na gaskiya. Manaja ya tare su da fara'a mai yawa.

"Mu katin aure muke bugawa, ranka ya daɗe, sai kalanda. Magani ko na ciwon kai ba mu taɓa ba."

Saje ya buɗe kwandon shara na kwamfutar. Zanen kwalin yana ciki, an goge shi amma ba a zubar ba.

"To, ban san wanda ya yi ba," in ji Manaja. "Kwamfutar kowa ce."

Masu zanen uku suka ce su ma ba su sani ba. Biyu sun faɗa da rantsuwa. Na ukun, babbansu, wanda suke kira Gwani, kai kawai ya girgiza. Sufeto ya lura safarsa ɗaya kore ce, ɗaya ruwan ƙasa. Ya ɗauka mutumin ba shi da mata, ko kuma yana da ita sun yi faɗa.

Wakiliyar ta zauna ta danna ratsin rawayar da ke jikin zanen kwalin. "Wannan ba rawayarmu ba ce. Ta kusa, amma ta ɗan karkata zuwa kore."

"Da ido kika gane?"

"Da lamba. Kowane launi a kwamfuta yana da lamba mai gurbi shida. Biyun farko yawan ja, na tsakiya kore, na ƙarshe shuɗi. Ana rubuta su da sifili zuwa tara, sannan A zuwa F. Tamu tarkace ce, ni kaina sai na duba. Wannan kuwa ga ta."

Sufeto ya sunkuya ya karanta: DADA00.

"Arashi ne kawai?"

"Zai iya zama. Amma dubi tokar rubutun." Ta danna. BABABA. Ta danna koren ganyen da ke kusurwa. ABBA00.

"Dada, Baba, Abba," in ji Saje. "Yallaɓai, wannan kwali ne ko taron dangi?"

Sufeto bai yi dariya ba. Ya sa aka fitar da masu zanen, aka riƙa shigo da su ɗaya-ɗaya. Kowanne ya ba shi aiki guda: ya zana akwati ya cika shi da rawaya.

Na farko ya buɗe faifan launuka, ya yawata a kai, ya tsaya inda ta yi masa. Ta biyun ma haka, har tana tambaya ko mai haske ake so. Gwani ya zauna. Bai ko kalli faifan ba. Yatsunsa suka tafi kan haruffa da kansu, ya buga D, A, D, sannan ya tsaya. Hannun ya rataye a sama.

"Ƙarasa mana," in ji Sufeto a hankali. "Saura kaɗan."

"Na manta lambar."

"Ba komai. Miƙo mini koren biro can."

Biro biyu ne a kan teburin, kore da ja. Gwani ya dube su, ya sake duba. Ya ɗauki ja.

Sufeto ya sake duban safar Gwani.

"Tun yaushe?" Sufeto ya tambaya.

"Tun haihuwa." Ya ajiye biron. "Launuka haɗe mini suke. Mahaifiyata kaɗai ta sani. Ita ke ware mini tufafi, ta ɗinka zare a ciki don in gane. Dada muke ce mata. Da na koyi zane, na ga launi lamba ne, na ce Allah Ya kawo mini mafita. Sai dai lambobin ba sa zama a kaina. Na riƙa neman waɗanda ke karantuwa kamar kalma. Toka Baba ce. Rawaya na ba Dada. Duk launin da aka kawo mini, sai in matsa da shi zuwa kalmar da ta fi kusa. Ba wanda ya taɓa ƙorafi, har Gwani suka sa mini."

"Sai Manaja ya gane."

"Bayan rasuwarta. Safata ce ta tona ni." Ya yi wani ɗan murmushi marar daɗi. "Ya ce mai zanen da ba ya ganin launi, in labari ya fita, ko allon shago ba mai ba shi. Ya ce kwali kawai zan zana, abin da ke ciki ba ruwana. Ƙaninsa ke rarrabawa a babur."

"Ka tambayi abin da ke ciki?"

"Ban tambaya ba. Na san in na tambaya za a gaya mini."

"Wadda ta mutu ma uwar wasu ce," in ji Sufeto. "Tana ganin launi sarai. Rawayarka ta gani ta yarda."

Gwani ya rufe fuska da hannu biyu.

An samu Manaja a ɗakin injina yana cusa kwalaye a buhu, fara'ar ta ƙare. Saje ya sa masa ankwa. Sufeto ya buga waya ofis ya ce a dakatar da kai Mai Kemis kotu. Za ta amsa laifin sayen magani a hannun mai babur, amma kisa ba nata ba ne. A ɗaya ɓangaren wayar aka yi tsaki, domin fayil ya sake buɗewa.

A bakin mota Gwani ya tsaya. Akwatin da bai ƙarasa ba yana nan a kan allon kwamfuta, ana hango shi ta taga.

"Yallaɓai, don Allah. Launin Dada, yaya yake a idonka?"

Sufeto ya yi tunani, don ba ya son yi masa ƙarya. "Kamar lemon tsami da ya fara nuna."

Gwani ya jinjina kai. "Na ɗauka ya fi haka kyau," ya ce, ya sunkuya ya shiga motar.