Jirgin Baba Dogo

A unguwar su Hanan, a Omdurman, kowa ya ga yadda yarinyar nan ta canja tun da mahaifinta ya rasu. Da can ita ce mai yawan dariya. Yanzu kuwa abu kaɗan sai ta kumbura fuska, ta buga ƙofa.

Ana gab da Sallah Ƙarama, Kawu Jibrin, ƙanen mahaifiyarta, ya zo gidan. Lokacin Inna ta gama takaba. Ya same ta a tsakar gida ita da maƙwabciyarsu Awadiyya, suna murza ka'ak, cincin ɗin Sallah.

"Yaya, zaman ɗaki ya isa haka," in ji Kawu. "Washegarin Sallah zan kai ku yawon kogi. Jirage biyu ne, sai ku zaɓa."

"Muna jinka," in ji Inna.

"Akwai babban farin jirgi na wani kamfani a gefen Khartum. Mai bene ne, ga kiɗa, ga lemo mai sanyi. Akwai kuma na Dogo a gaɓar unguwar Abu Rof. Ƙarami ne, amma yana zagaya tsibirin Tuti, ya kai mutum har inda manyan koguna biyu suke haɗuwa."

Inna ba ta ɓata lokaci ba.

"Na Dogo mana. Aminin marigayi ne. Har da kafaɗarsa aka kai shi makwancinsa."

"Ni ba zan shiga ba!" in ji Hanan da ƙarfi.

"Ke! Wa kike ɗaga wa murya?"

Hanan ta cije leɓe. Kowace Sallah a jirgin Baba Dogo mahaifinta yake kai ta yawo. Yakan riƙe rigarta ta baya, ita kuwa ta tsoma hannu a ruwa. Ba ta son ta ga jirgin nan babu shi a ciki. Amma ba ta faɗi haka ba. Haushi ya hana ta.

"Babban nake so," ta ce.

"An riga an zaɓa," in ji Inna. "Tashi ki kawo faranti."

Sai Hanan ta ji magana ta fito daga bakinta.

"Jirgin Baba Dogo ya ɓule! Yana shan ruwa. Na gani da idona."

Awadiyya ta saki ƙullun da ke hannunta.

"Innalillahi! Ni kuwa da har na ce zan kai yarana!"

Inna ta daɗe tana kallon 'yarta.

"Kin tabbata?"

"Na tabbata."

"To, Jibrin, babban za mu shiga."

Hanan ta samu abin da take so. Sai dai Awadiyya ba ta iya riƙe magana. Ta faɗa a layin burodi. Ta faɗa wa mai shayi. Kafin a ga wata, unguwa duk ta ji. A shekarun nan kuwa sojoji ne ke mulki, magana ba ta daɗewa ba ta kai kunnen masu kaki ba.

Washegarin Sallah suka haye gada, suka shiga babban jirgin. Mutane maƙil. Lasifika tana ta ihu a kan Hanan. Wani yaro ya take mata sabon takalmi, ta ture shi. Lemon ma da aka yi ta yabo, da ɗumi ta same shi.

Da jirgin ya zo daidai Abu Rof, Kawu Jibrin ya miƙe tsaye.

"Yaya, duba can! Ba jirgin Dogo ba ne?"

Shi ne. An ɗaure shi da sarƙa a bakin gaɓa. Babu ko mutum ɗaya a ciki. Wani mai kaki yana zaune a gefe da bindiga a cinya. Baba Dogo yana tsaye a rana yana ta ɗaga hannuwa.

"Ba ku ji ba?" in ji wani mutum kusa da su. "An ce jirgin ya ɓule. An hana shi ɗaukar kowa. Wataƙila ma a ƙwace."

Hanan ta ji shi sarai. Ta sunkuyar da kai. Inna ta kama haɓarta, ta ɗago mata fuska.

"Kalle ni. Yaushe rabonki da Abu Rof?"

Hanan ta kawar da ido, Inna ta ci gaba.

"Tun rasuwar ubanki ba ki taka wurin ba. Ni ma da na yi tunani da na gane. A ina kika ga ɓular?"

"Ban gani ba," in ji Hanan a hankali.

Inna ba ta dake ta ba. Da dukan ne ma da ya fi sauƙi. Har jirgin ya koma gaɓa ba ta sake ce mata uffan ba. Suna sauka ta damƙe hannunta.

"Jibrin, nemo mana mota. Abu Rof za mu."

Sun isa bayan la'asar. Inna ta tura Hanan gaban mai kakin.

"Faɗa masa."

"Ni ce na ce jirgin ya ɓule," in ji Hanan. "Ƙarya na yi."

Mai kakin ya haɗe gira.

"Ke ce yarinyar da aka ce ta gani da idonta? Kin san kin hana ni cin Sallah a gidana?"

Ya shiga jirgin da kansa. Ya sa aka ɗaga katakon ƙasa ɗaya bayan ɗaya. Ya shafa da hannu. Ko'ina a bushe. Ya ja tsaki, ya kwance sarƙar, ya tafi yana mita.

Saura Baba Dogo. Hanan ba ta taɓa ganin idonsa ya yi ja haka ba.

"Ke ce, Hanan? Ke?" in ji shi. "Kwana da kwanaki na yi a layin gidan mai, ina azumi, don in samu na yau. Yau ce ranar da nake jira tun bara. Dubi jirgin! Wa kika gani a ciki? Ubanki bai taɓa yi mini ƙarya ba!"

"To ai ba ya nan!" Hanan ta yi ihu. "Ba ya nan! Ku duka so kuke ku shiga ku yi ta dariya, kamar bai taɓa zama a ciki ba! Ni ba na so! Ba na son jirgin nan!"

Sai kuka ya ƙwace mata.

Inna ta ja mayafi ta rufe fuska. Baba Dogo ya tsuguna har tsawonsu ya zo ɗaya.

"'Yata, kina tsammani ke kaɗai ce? Ni ma har yau ba na iya kallon inda yake zama. Da kin ce mini ba za ki iya shiga ba, wallahi da ni zan raka ki babban jirgin. Amma ki ɓata mini suna? Da wannan jirgin nake ciyar da yarana."

"Ka yi haƙuri, Baba."

"Na haƙura. Amma haƙurina ba zai dawo da mutane ba."

"Ita za ta dawo da su," in ji Inna.

Kafin magariba Hanan ta fara bin gidaje. Inna tana tsaye a baya, ba ta taya ta da ko kalma ɗaya ba. A kowace ƙofa sai Hanan ta yi sallama, ta ce, "Jirgin Baba Dogo lafiyarsa ƙalau. Ni na yi ƙarya." Wasu suka yi mata faɗa. Yara suka yi mata dariya. Kunya kamar ta nutse a ƙasa, amma ba ta tsallake gida ko ɗaya ba.

Awadiyya ta dafe ƙirji.

"Wayyo! Ni kuwa na yi ta yayatawa!"

"Ke ma da naki laifin," in ji Inna. "Maganar yarinya kika ɗauka har layin burodi. Yanzu sai ki mayar da gaskiyar can."

Awadiyya ta ɗauki mayafi ta fita da sauri. Ita kaɗai ta gama da rabin unguwa.

Da safe, da yake hutun Sallah bai ƙare ba, bakin gaɓar Abu Rof ya cika. Har wasu suka tsaya jiran sawu na biyu.

"Ba dole ba ne ki shiga," Inna ta ce wa Hanan. "Idan ba za ki iya ba, faɗa mini, mu zauna a nan tare."

Hanan ta kalli jirgin.

"Ina jin tsoro zan yi kuka."

"Ni ma. Sai mu yi tare."

Suka shiga. Sun yi kukan kuwa, kaɗan. Can wani kifi ya yi tsalle ya watsa wa Awadiyya ruwa a fuska. Ta kurma ihu, jirgi duk ya ɗauki dariya. Hanan ma ta ji tana yi.

Inna ta jawo ta jikinta.

"Ki riƙe wannan, Hanan. Idan abu yana ci miki rai, ki faɗe shi yadda yake. Kada haushinki ya sa ki yi wa wani ƙarya, don shi ne zai sha wahalarta."

"Na riƙe, Inna."

Daga baya Baba Dogo ya ɗaga murya.

"Hanan! Ya kika gani? Yana shan ruwa?"

"A'a, Baba!" ta amsa da ƙarfi, yadda kowa zai ji. "Ko ɗigo!"