Yarinyar da Ta Daɓe Kurmin Kaka

A Tsaskiya akwai wata yarinya mai son tsabta kamar me. Ko tsinke ta gani a tsakar gida sai ta ɗauke.

A bayan gidansu akwai ɗan kurmin kakarta. Tun da shiga babban daji ya zama haɗari, a nan Kaka ke samun tafasa da lalo da yaɗiya.

Gab da damina, Kaka za ta tafi Safana jinyar ƙanwarta. Ta ce, "Ki kula mini da kurmina, kada awaki su shiga."

Yarinya ta leƙa kurmi. Kai! Ko'ina ramuka: na kurege, na gafiya, ga tonon buzuzu. Ta ce, "Wannan ƙazanta har ina?"

Ta cike ramukan duka. Ta share busasshen ganye tas. Ta ɗauko madaɓin mamarta, ta yayyafa ruwa, ta yi ta daɓe har kwana huɗu. Ƙasa ta yi sumul kamar tsakar ɗaki.

Ruwa ya sauka, gari ya yi kore shar. Amma a kurmin Kaka ruwan gangarewa yake yi ya wuce. Ko ciyawa ba ta fito ba.

Ranar da Kaka ta dawo, ta tsaya ta riƙe haɓa.

"Innalillahi! Wa ya yi mini wannan aika-aika?"

"Ni ce, Kaka. Gyara na yi."

"Gyara? Cewa aka yi za mu shimfiɗa tabarma? Ta ramukan nan ƙasa ke shan ruwa. Kurege ke binne ƙwallon aduwa, ya manta, ta tsiro. Gafiya ke tono ƙasa mai laushi, iri ya faɗa. Buzuzu ke binne taki. Kin kore mini manoma!"

Yarinya ta zaro ido. "Manoma? Su kurege?"

Sai ta fashe da kuka. Daminar nan kullum miyar kuka suka sha, ta san kuwa laifinta ne.

Ta ba Kaka haƙuri. Suka sa fartanya suka farfasa daɓen, suka mayar da ganye.

Da damina ta zagayo, tafasa da lalo suka fito. Har da 'yar aduwa a bakin wani sabon rami.

Kaka ta ce, "Ga rami can. A kawo miki madaɓi?"

Yarinya ta yi dariya. "A'a, Kaka. Manominki ne ke aiki."

Tun daga ranar, ba ta gyara abin da ba ta san amfaninsa ba sai ta tambaya.