Ranar Da Na Sabunta Rautar Gidansu

“Kada ka taɓa filogin nan!”

Ban san lokacin da na daka masa tsawa ba. Mutumin da saura wata biyu ya zama mijina ya sandare, hannunsa a jikin soket.

Ƙanwarsa Auta ce ta roƙe ni in duba musu wayfai, tunda aikina ke nan. Shekara biyar ba wanda ya sabunta manhajar rautar, wato na'urar da ke ba su wayfai, kashin kyankyaso ya toshe ramukanta. Na jona kwamfutata da kebul, na sauko da sabuwar manhaja daga shafin kamfanin, na buɗe saitin don in adana shi.

Nan na ci karo da abin da ban zata ba.

Duk shafin da aka buɗe a gidan, jerinsa na tafiya wayar wanda zan aura. Na Auta. Na Mama. Har nawa, duk ranar da na zo gaisuwa!

Ban adana komai ba. Na danna sabuntawa. Da ya ga na gano ne ya nufi soket.

“Tauraruwata, tsaya mana ki ji...”

“In ka zare yanzu rautar ta mutu murus. Saura minti uku, matsa!”

Mama ta leƙo daga kicin, Auta ta faɗa mata abin da muka gani tana kuka.

“Yo miye abin kuka? Ai kula ce. Wa ya ƙi yayansa ya sa masa ido?”

“Mama, a ɓoye fa!” na ce. “Da haka ake rainon ɓarna, a ce kula ce!”

Ya durƙusa gabana da murmushin nan da ya saba kashe min jiki.

“Wata takwas ina dubawa, wallahi ban taɓa kama ki da komai ba. Shi ya sa na ce ke zan aura!”

Yabo ne a wurinsa.

Na ji kamar na taka ƙazanta ba takalmi.

Fitilun rautar suka ɗauke, suka dawo kore. Na goge tsohon saitin kaf, na sa Auta ta zaɓi kalmar sirri da kanta. Na naɗe kebul, Allah ya sani ina sonsa.

Ya biyo ni har ƙofa.

“To yaushe za ki huce, masoyiyata?”

“Ba fushi nake ba. Ƙyanƙyami nake ji... shi kuwa ba a ba shi haƙuri.”

Na ja masa ƙofar a hankali.