Rumfar da Ta Hana Ƙofa Buɗuwa

Gau!

Ƙarar da ƙofar ƙarfen ta yi sai da Auta ta ji ta har cikin haƙoranta.

Ta sake turawa da iyakar ƙarfinta. Gau! Saman ƙofar ya kuma dukan sabuwar rumfar da aka gama kafawa ko minti goma ba a yi ba. Rabi ta buɗu, rabi ta ƙi.

A bayanta Umma na zaune a keken da take yawo a kai tun da ƙafafunta suka daina ɗaukarta, katin asibiti a cinya. Ƙarfe goma likita ya ce. Ga shi tara da rabi ta gota.

"Auta, keken nan fa ba zai wuce ta wannan 'yar kafar ba."

"Zai wuce, Umma."

"To ko naɗe ni za ki yi kamar tabarma ki zura?"

Yaya, babban wanta, ya dafe ƙugu yana huci. "Shekara biyar! Shekara biyar kina karatun zanen gine-gine, ƙarshenta ki kulle mu a cikin gida!"

Daga waje wani ƙamshi ya shigo ta kafar ƙofar, sannan mai shi ya leƙo. Abokin Yaya ne mai shagon kayan gini, wanda unguwa ke kira Mai Turare saboda ƙamshinsa kan riga shi sallama.

"Ni dai abin da gimbiya ta zana shi na sa aka yi," ya faɗa yana murmushi. "Ko santimita ɗaya ban taɓa ba."

Auta ta cije leɓe.

Abin haushin, gaskiya ya faɗa.

Sati biyar baya ta yi zanen nan, bayan ruwan sama ya yi ta dukan ƙofar yana kwararowa ta ƙasa har ya jiƙa shimfiɗar falo. Ta zana rumfa mai kyan gaske, ta manna ta daf da saman ƙofar, ta karkato da bakinta ƙasa sosai don ruwa ya zube da sauri. Ta ɗauki takardar ta kai wa mutum ɗaya da take son ya fara gani.

Mai Walda.

Shi ya ƙera ƙofar gidan shekara biyu da suka wuce. A kan aikin suka haɗu, tana tsaye tana yi masa gyara, yana ce mata "To, Injiniya" yana dariya ƙasa-ƙasa. Daga gyara aka koma hira, daga hira aka koma abin da Yaya ya rantse ba zai yiwu ba yana raye. "Mai digiri ta auri mai baƙin hannu? Me zan ce wa mutane?"

Shekara biyu tana shan wannan magana safe da yamma. Ba ta taɓa rusunawa ba.

Amma ran da ta kai zanen, Mai Walda ya duba, ya juya takardar, ya ce, "Ya yi kyau, Injiniyata. Sai dai a ɗaga rumfar sama taƙi biyu."

"Taƙi? Ina ba ka lissafi da santimita kana auna min da tafin hannu?"

"Ki saurare ni, ƙofar nan..."

"Kai ma ka fara ke nan? A gida a ce karatuna ya fi ƙarfinka, a nan kuma ka nuna min bai kai tafin hannunka ba!"

Ta fice ba ta ko ɗauki takardar ba.

Kwana uku a tsakani Mai Turare ya zo gaishe da Umma, ya saki magana kamar ba da gangan ba. Wai ya biya ta shagon walda ya ga zanenta manne a bango, duk wanda ya shigo sai an nuna masa an yi dariya.

Tun daga ranar ta daina ɗaga waya. Ta sake zana rumfar sak yadda take, ta miƙa wa Mai Turare.

Ga sakamakon nan a kanta, shuɗiya, tana ƙyalli.

Ranar dai ɗaukar Umma aka yi. Yaya ya tallabe ta kamar jaririya ya ratsa da ita a karkace, Auta ta ninke keken ta biyo su. Maƙwabta na kallo. Umma ta ja mayafi ta rufe fuska.

"A yanke saman ƙofar kawai," in ji Yaya da yamma.

"Ko a canja ta gaba ɗaya," in ji Mai Turare. "Akwai wata a shagona, 'yar waje, mai buɗewa ta ciki."

"Idan ta buɗe ta ciki ina keken zai juya? Kun ga faɗin wurin kuwa?" Auta ta faɗa a fusace.

Sai kuma ta juya ta dubi ƙofar.

Dalilin ke nan da ya sa aka yi ƙofar tana buɗewa waje. Ita da kanta ta manta. Ta zana bango, ta zana rumfa, ta zana ƙofa a rufe. Ba ta taɓa buɗe ta a kan takarda ba.

Kwana tara ta yi tana cin wuyar girman kanta.

Umma, wadda kullum la'asar sai ta tura kanta ƙofar gida ta sha iska ta amsa gaisuwar masu wucewa, ta daina fita. "Bar ni nan, Auta. Ni ba buhu ba ce da za a riƙa ɗauka." Idan Yaya ba ya nan kuma aka kira daga asibiti, Auta ce ke goya ta ta ratsa kafar, bayanta na ƙara. Da aka yi ruwa sai rumfar ta riƙa juye shi kaf a kan gangaren simintin da keken ke bi, wurin ya yi santsi har ita ta zame ta ƙuje gwiwa.

Ba ta yi kuka a gaban kowa ba.

A rana ta goma ta shiga ɗaki ta tarar da Umma ta jingina da taga tana leƙen titi ta tsakanin labule, kamar wadda aka tsare.

Ta yafa mayafi ta fita.

Shagon waldan na nan yadda ta san shi: tartsatsin wuta, warin ƙarfe mai zafi, tulin rodi a gefe. Mai Walda ya ɗaga baƙin gilashin daga fuskarsa, ya gan ta, ya kashe injin.

"Ranki ya daɗe."

"Ba hira na zo ba."

"Na ga alama."

Idonta ya kai bango. Zanenta na nan kuwa! Jininta ya tafasa, ta buɗe baki... sai ta lura. Takardar na cikin gilashi, an zagaye ta da siririn ƙarfe mai ado, an shafe shi da fenti ruwan zinariya.

"Wannan fa?"

"Shi ne abu na farko da kika taɓa ba ni da hannunki. A ƙasa kike so in bar shi?"

"An ce min dariya kuke yi masa."

"Wa ya ce?"

Ta sunkuyar da kai.

Ya yi 'yar dariyar da babu daɗi a cikinta. "Mai ƙamshin nan ko? Ni kuma ya zo har nan ya ce in taya shi murna, an kusa sa muku rana."

"Ni? Da shi? Allah ya kiyaye!"

"Amin. Amin, ya Rabbi. Sake faɗa in ƙara wani amin ɗin."

Ta kau da kai don kada ya ga bakinta ya motsa. Maganar da ta zo da ita ta tsaya mata kamar ƙashi.

"Ƙofar... tana dukan rumfar."

"Na sani. Kullum sai na bi ta layinku."

"Ka sani ka yi shiru? Kwana tara ina goyon Umma!"

"Na kira ki sau nawa, hasken idona? Na zo ƙofar gida Yaya ya ce in na sake taka wurin sai ya tara min jama'a."

Hawayen da ta riƙe kwana tara suka ƙwace.

"Na yi kuskure. Shi ke nan? Ka ji daɗi? Na faɗa!"

Ya zagaya bayan shagon, ya janye wani tsohon tampol. Rumfa ce a ƙarƙashi, ƙirar zanenta sak, har lanƙwasar gefen da ta ɓata kwana biyu a kanta. Ƙafafunta ne kawai aka gyara don ta zauna sama.

"Tun ran da kika yi fushi na haɗa ta. Na san Injiniyata. Takan daɗe, amma takan iso."

Ta share ido, ta zagaya rumfar sau biyu. Ta tsuguna ta duba bakinta.

"Ina ruwan zai bi?"

"Ƙasa mana."

"Ƙasa ina? Kan gangaren Umma? Ka ga gwiwata? Sai an sa mata magudana a baki, a karkata ta hagu, ruwan ya faɗa kwata."

Ya sosa ƙeya. "Wallahi ban kawo wannan a raina ba."

"Taƙi bai gaya maka ba?"

"Bai gaya min ba, ranki ya daɗe. Zana min."

Washegari da hantsi ya iso da rumfar da tsani. Yaya ya fito kamar zai ci mutum.

"Ban ce kada ka..."

"Babba!" Muryar Umma ta fito daga ciki, irin wadda ba su ji ba tun suna yara. "Riƙe masa tsanin."

"Umma, wannan fa..."

"Ka gaji da ɗaukata, na gaji da a ɗauke ni. Riƙe masa!"

Yaya ya riƙe tsani, fuska a murtuke.

Aka kwance shuɗiyar aka jingine ta. Mai Walda ya ɗora tafin hannunsa a bango, ɗaya, biyu, ya yi alama da alli. Auta ta miƙa masa tef ɗin awo. Ya auna, ya faɗa mata lamba, ta duba takardarta ta gyaɗa kai. Ya huda bango, ya zura ƙusoshi, ya ɗaure. Ita ta tsaya daga nesa tana cewa, "Hagu ya yi ƙasa... ƙara kaɗan... tsaya nan!"

Ana cikin haka ƙamshi ya iso.

"Af! Gimbiya, ai da kin faɗa min sai in..."

"Ga kayanka can," ta nuna masa shuɗiyar. "Ka haɗa da ranar da ka ce an sa mana, ka tafi da su."

Yaya ya juyo ya dubi abokinsa. "Wace rana?"

Mai Turare ya tuna yana da baƙi a shago.

Da aka ɗaure ƙusa ta ƙarshe, Auta ta kama ƙofar. Ta tura a hankali...

Ƙofar ta tafi, ta tafi, har ta kwanta a jikin bango. Shiru. Ko ƙis.

Umma ta turo kekenta da kanta, ta wuce, ta sauka gangaren, ta tsaya a inuwa. Ta ɗaga kai ta daɗe tana kallon rumfar, sannan ta dubi baƙin hannun da ke naɗe igiya.

"Shekara biyu ke nan yaron nan ya san ta inda kekena ke juyawa, ban taɓa gaya masa ba. Babba, ka ce me za ka faɗa wa mutane? Ka ce musu ni na ce ya turo manyansa."

Yaya ya dubi ƙofar. Can ya ce wa Mai Walda, "To ka sauko mana, hannuna ya gaji."

Mai Walda ya sauko yana ƙoƙarin haɗiye murmushi. Ya nuna ramuka huɗu da tsohuwar rumfar ta bari a bango.

"Gobe zan zo da siminti in toshe su, kada kowa ya gani."

Auta ta kalle su. Ramukanta ne, a daidai inda ta zana su.

"Bar su."

"Kin tabbata?"

"Na ce ka bar su. In na sake taurin kai, ka kawo ni nan ka nuna min."

"Taƙi biyu kacal," ya faɗa ƙasa-ƙasa.

"Santimita arba'in da huɗu," ta ce, ta ƙwace tef ɗinta.