Mai Waina ta Tashar Tasawa

"Wace ce Lailatu a cikinku?"

Ludayin ƙullu ya suɓuce daga hannunta ya faɗa kan tanda.

Ba ta iya ɗaga kai ba. Takalma kawai take gani, baƙaƙe masu nauyi, sun tsaya dab da murhunta. Tashar Tasawa da ba ta rabo da hayaniya kowace yamma ta yi tsit, har mai tsire ya daina fifita garwashinsa.

"Kurame ne ku? Lailatu ɗiyar Na Allah, mai waina!"

"Ni... ni ce."

"Tashi. Kumandan na kiranki."

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un!

A wannan shekara ta babban fari, da soja ke riƙe da ƙasa, wanda aka ce masa kumandan na kira ba ya tambayar dalili. Ta miƙe. Waina na ƙonewa a bayanta, ba wanda ya yi ƙarfin halin juya ta.

Tun kafin ta hau bayan motar sojan, zuciyarta ta ba ta cewa maganar ba ta wuce Alkasim.

Damina biyu ke nan ruwa bai yi ba. Gonarsu ta Kona ta koma rairayi, awakinsu suka bi juna ɗaya bayan ɗaya. Shi ne Babanta ya kwaso su zuwa Tasawa, suka raɓa a wani ɗaki bayan tasha. Shi yana tukar igiya, ita kuwa da la'asar ta yi sai ta kafa tanda, ta toya wainar jar dawa, ta haɗa kwaɗon zogale da ƙuliƙuli.

Alkasim sofer ne, direban wani furoje, aikin taimako na nasara mai haƙa rijiyoyi. In an tashi daga biro, wato ofis, shi ke ɗaukar baƙin nasara ya zaga da su gari. Ya kai su marina, ya kai su kasuwar dabbobi, ya nuna musu bakin tabkin da ya ƙafe, sannan a ƙare a tasha su ci tsire da ƙosai suna hawaye saboda yaji.

Ranar da ya fara tsayawa gabanta, da wata Madam mai na'urar hoto a wuya ya zo.

"'Yammata, a zuba ma baƙuwata mai laushi. Ni kuma a zuba mani wadda ta ƙone."

"Tawa ba ta ƙonewa."

"To yau zan tsaya ina yi maki surutu har ta ƙone."

Ta ƙone kuwa!

Tun daga ranar, ko da baƙi ko babu, sai ya zo. Wata huɗu ana haka, har ya koma kiranta Lailata, har ita ma ta san ƙarar motarsa cikin motoci goma. Babanta bai so ba, ya ce mai yawo da nasara ba abin ba ɗiya ba ne. Mahaifiyarsa Hajiya Uwa ta ce ita ba ta haɗa jini da 'yan gudun yunwa, ga A'i ɗiyar ƙanenta a gida tana jira.

Duk wannan bai taɓa tsorata ta ba kamar ƙofar barikin da ta gani yanzu.

Aka shigar da ita wani ɗaki mai tebur ɗaya. Can a kusurwa, a ƙasa, Alkasim ne zaune, ba hula, ba takalmi.

"Laila..."

"Rufe bakinka!" in ji sojan da ke kansa.

Kumandan mutum ne siriri mai furfura a gemu. Bai ɗaga murya ba, wannan ne ma ya fi razana ta.

"An kawo mana labari. An ce kina tara matan da yunwa ta koro daga arewa a bayan rumfarki. Wannan kuma yana kawo nasara su ɗauki hotonsu, a kai ƙasashen waje a kunyata ƙasarmu. Haka ne?"

"Wallahi ranka shi daɗe... ƙanzo nake ba su. Abin da ya rage a tanda in na tashi. Ba ni na tara su ba, su ke zuwa..."

"Mun karɓe na'urar Madam ɗin da yake yawo da ita. An aika fim ɗin Maraɗi a wanko. Kafin ya dawo, ga hanya mai sauƙi."

Ya turo wata takarda da ɗan gwangwanin tawada.

"An rubuta nan cewa shi ya sa ki, ke ba ki san komai ba. Dangwala yatsanki ki tafi gida wajen tsohonki."

Ta dubi takardar. Ba ta yi lakwal ba, ba ta san boko ba, baƙaƙen kamar tururuwa suke a idonta. Amma ta san inda ake kai wanda irin wannan takarda ta hau kansa. Can arewa, cikin hamada, inda ba a zuwa gaisuwa.

"Ki dangwala," in ji Alkasim, muryarsa a dishe. "Don Allah Lailata, ki dangwala ki tafi. Ni namiji ne, zan iya."

Hannunta ya tashi da kansa. Yatsan ya kai har ya taɓa bakin gwangwanin.

Ta tuna Babanta. Ta tuna ƙannenta biyu da tandar nan ke ciyarwa.

Sai ta janye hannun ta cusa shi cikin mayafi.

"Ba zan iya ba."

"Mi kika ce?"

"Bai sa ni ba, ranka shi daɗe. In na dangwala na yi masa ƙarya. Ina jin tsoro, wallahi kamar in mutu... amma ba zan iya ba."

Hawaye suka ɓalle mata. Kumandan ya daɗe yana kallonta, sannan ya ja takardarsa.

"Je ki. Kada ki bar garin nan. In hoto ya dawo da abin da aka ce, ku biyu za ku tafi."

Kwana uku ta yi ba ta san ɗanɗanon abinci ba.

Babanta ya ɗaure tabarminsu tun washegari.

"Mu koma Kona, Lailatu. Yau ɗin nan."

"Mu ci mi a can, Baba? Anza mai ɗacin nan ta daji?"

"Anza ta fi bariki!"

"An ce kada in bar gari. In na gudu, shi za su ce ya yi."

Tsohon ya zauna kan ɗaurin tabarmin ya dafe kai.

Da la'asar ta fita ta kafa tanda don dole. Ba wanda ya saya. Mutanen da ke layi gabanta jiya, yau ratse mata suke kamar mai cutar da ake ɗauka. Matan arewa ma ba su zo ba, an kore su daga bayan tasha. Mota duk da ta rage gudu, sai ta ɗaga kai ta duba ko soja ne.

Ana nan sai ga Hajiya Uwa, gyale a kafaɗa, ido jawur.

"Ke ce ko? Ke ce kika jefa mani ɗa cikin masifa! Ɗa guda gare ni, guda! Kun baro ƙauyenku da tsiyarku kun kawo mana!"

Lailatu ta durƙusa har ƙasa.

"Ki yi haƙuri, Hajiya."

"Haƙurin mi? In wani abu ya same shi, ban yafe ba!"

Ba ta ce mata komai game da takardar ba. Ina bakin faɗa?

Rana ta uku, tana wanke tanda a ƙofar ɗaki, wata budurwa ta tsaya kanta. Fara ce, da lalle a hannu, fuskarta duk ta kumbura da kuka. Ko ba a faɗa ba Lailatu ta gane A'i.

"Ni ce," in ji A'i.

"Ke ce mi?"

"Ni na faɗa ma wani soja da ke sayen goro wajen Babana. Ke nake so a kora daga tasha, ke kaɗai! Wallahi ban san za su taɓa Yaya Alkasim ba... ban sani ba!"

Lailatu ta ji kamar ta watsa mata ruwan wankin. Ta riƙe kanta da ƙyar.

"Ni mi na yi maki?"

"Tun ina ƙarama aka ce nawa ne."

"To ga shi can a ƙasa ba takalmi. Je ki ɗauka."

A'i ta fashe da kuka.

"Ba ni za ki yi ma kuka ba. Je ki faɗa ma Hajiya da bakinki."

Washegari da hantsi motar sojan ta dawo.

Wannan karon Babanta ya ce sai dai a tafi da shi. A ƙofar bariki suka tarar da Hajiya Uwa zaune kan dutse tana jan carbi. Ba ta dubi Lailatu ba, ba ta kuma zage ta ba.

A ciki, Alkasim ya rame, leɓensa duk ya tsage. Kumandan na riƙe da ambulan mai ruwan ƙasa.

Lailatu ta rufe ido tana karanto duk addu'ar da ta zo bakinta.

"Buɗe idonki ki gani."

Ya fara jera hotunan a kan tebur. Ga ramukan marina. Ga raƙumi a kasuwa. Ga tsire a kan wuta. Daga nan...

Ita ce!

Ita tana zuba ƙullu. Ita tana dariya, hannu a baki. Ita ta juya baya tana gyara ɗankwali. Ita, ita, ita, har tebur ya cika.

"Matar ta ce waɗannan ba ita ta ɗauka ba," in ji Kumandan. "Ta ce sofer ɗinta ke aron na'urar. Kai, aikin da furoje ya ɗauke ka ke nan?"

Alkasim ya sunkuyar da kai.

"Ranka shi daɗe... so nake in ajiye ko guda ɗaya. Kunyar tambayarta nake."

Wani soja ya yi tari don ya ɓoye dariya. Lailatu kuwa ji ta yi kamar ƙasa ta tsage ta shige, ga Babanta tsaye a bayanta.

Amma hannun Kumandan bai bar ambulan ba. Ya zaro na ƙarshe.



Ita ce a durƙushe, tana juye ƙanzo cikin ƙwaryar wata tsohuwa. A bayan tsohuwar mata ne zaune a jere, sun fi goma, da jarirai a cinya, ƙasusuwan wuyansu duk a waje.

Shi ke nan. Babanta ya matso ya riƙo hannunta.

 Kumandan ya kai hoton kusa da fuskarsa. Ya daɗe, ya daɗe sosai.

"Kullum kike ba su?"

"Kullum, ranka shi daɗe."

"Ke da ba ki ƙoshi ba?"



Ya ninke hoton biyu ya sa a aljihun rigarsa.

"Wannan ban gan shi ba. Ku ma ba ku gan shi ba. Matar za ta bar ƙasar nan cikin satin nan. Kai kuma, daga yau ba kai ba tuƙa baƙi, na sanar da furojenku. Ku kwashe sauran ku ba ni wuri."

A waje, Hajiya Uwa ta rungume ɗanta tana kuka kamar ƙaramar yarinya. Lailatu ta ja mayafinta za ta bi bayan Babanta.

"Ke, tsaya."

Ta tsaya.

"A'i ta faɗa mani abin da ta yi. Sojan ƙofa kuma ya faɗa mani maganar takarda." Muryar Hajiya ta karye. "Ni da na haife shi, ban san ko zan iya janye hannuna ba. Ki yafe mani, ɗiyata."

Ta juya ga Na Allah.

"Malam, gobe ƙannen mahaifinsa za su zo wajenka."

Tsohon ya dubi Alkasim sama da ƙasa.

"Yanzu ba shi da aiki."

"Ba ni da shi, Baba."

"Ba ya kuma yawo da nasara."

"An hana ni, Baba."

"To su zo."

An ɗaura aure bayan ruwan farko, ba kiɗa, ba taro mai yawa, don gari bai warke ba tukuna. Alkasim ya samu kamiyon wani ɗan kasuwa yana jigilar hatsi zuwa Mayahi.

Ranar da ta cika kwana bakwai da tarewa, da la'asar sakaliya, ya ce ta ɗauko mayafi.

"Ina za mu?"

"Na zaga da mutanen duniya garin nan. Ke kin taɓa ganin marina?"

Ta girgiza kai. Shekara guda da rabi a Tasawa, daga ɗaki sai tasha.

Da ƙafa suka tafi. Ya nuna mata ramukan shuni, ya nuna mata inda masaƙa ke zama, suka tsaya bakin tabki da ya fara tara ruwa, kwaɗi na ta kuka. Rana na shirin faɗuwa suka iso tasha. Ya share mata benci da hularsa.

"Zauna, sanyin idona. Yau ke ce baƙuwa."

Ya karɓo waina wajen wata mata ya ajiye gabanta. Tun da take, ba ta taɓa zama a bencin nan wani ya kawo mata ba. Ta gutsura ta kai baki, ta tauna a hankali, idonta ya ciko.

"Yaya, ranki shi daɗe? Garin namu ya yi?"

Ta share ido da gefen mayafi, ta matso kusa da kunnensa don kada matar ta ji.

"Garin ya yi, masoyi. Amma ƙullun nan bai kwana ba."