Yatsun Afra'u da Turmin Bayan Rumbu

Magariba ta kawo jiki a Rurum, kaji sun shige akurki, Yalwa na tuƙa tuwo. 'Yarta Afra'u na zaune kan tsohon turmin da aka kife a bayan rumbu, don nan kaɗai sabis yake kamawa, kwamfuta a cinya, tana koyon buga rubutu. Jarrabawar shiga jami'a ta ƙarato, a kwamfuta kuma ake yin ta.

Sai madannan suka ƙi ta. Ta danna wannan harafi, wani ya fito. Ta ɗage hannu, rubutu bai tsaya ba.

Mai gyara a Rano, sarkin surutu, ya ce ai sauƙi ne: in aka buɗe manhajar daga ɗan hotonta na kan allo, ba ta ɗaukar saitin harshe, sai an buɗe ta ta baƙar tagar nan da ake rubuta wa kwamfuta umarni. Ya gyara, ta yi lafiya lau a shagonsa. A gida kuwa, rana na faɗuwa abin ya dawo, har da ƙari. Duwatsu suka fara sauka kan kwano, ɗaya bayan ɗaya, ba mai jifa. Yalwa ta juyo ta ga yarinyar a ƙasa, ido a kafe, yatsunta goma sun dunƙule kamar an ɗaure. Ta yi ta ɓamɓara tana kuka, ko motsi.

Malam Uzairu na Unguwar Gai ya zo, ya yi karatu har muryarsa ta dushe. Can bakin Afra'u ya buɗe, muryar wata mace ta fito, a gajiye. Ta ce ƙarƙashin turmin nan take jego. Kullum magariba ana yi mata ƙwas-ƙwas a ka, jaririnta ba barci, ba nono, ya rame. Ta rikita na'urar, ba a gane ba. Ta yi jifa, ba a gane ba. Yanzu yatsun take so.

Malam ya daka mata tsawa, ya ce ba ta da haƙƙi a jikin 'yar Adam, za a mayar mata da turmin gindin tsamiya. Ta ce ta yarda, amma ba za ta tafi hannu rabbana ba.

Yalwa ta durƙusa.

"Baiwar Allah, ni ma uwa ce. Ki ɗauki nawa yatsun."

"Yalwa, kul!" in ji Malam.

Ina, magana ta riga ta fita. Afra'u ta yi atishawa, yatsunta suka saki. Yalwa da kanta ta ɗauki turmin a ka, nauyinsa kamar na mutum, wani siririn kuka na fita daga ciki. Ba ta leƙa ba.

Ranar jarrabawa Afra'u ta hau babur tana ɗaga hannu. Yalwa ta ɗago nata, na hagu. Na daman yana cikin mayafi, a dunƙule.